Inna na jiran ƙarshen littafin, ni kuma na riga na karanta shi

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Admin don girman Allah a ɓoye sunana, garinmu ƙarami ne, ka yi atishawa a bakin kasuwa a ce maka alhamdu lillahi daga bakin gada. Don Allah ku ba ni shawara, kaina ya ɗaure, kuma raina a ɓace yake da kowa, har da marubuciyar da ta jawo min wannan.

Ni malamar firamare ce a Wudil, ina zaune da mahaifiyata, Inna muke ce mata. Babanmu ya rasu da daɗewa, ya bar gona a Achika, ƙanensa Baffa ya ce zai riƙe mana kafin mu girma. To mun girma, yayana har da 'ya'yansa, gona na nan a hannun Baffa. In kaka ta yi ya aiko da abin da ya ga dama, Inna ta sa hannu biyu ta karɓa ta yi ta godiya kamar sadaka aka ba ta. Ban taɓa jin ta ɗaga maganar ba.

Inna ba ta yi boko ba, idonta kuma ya yi rauni, shi ya sa in na dawo daga makaranta bayan la'asar nake karanta mata littattafan da ake turowa a grup ɗinmu na karatu, tana ɓarar gyaɗa tana saurare. Maƙwabciyarmu Baba Tasalla ma takan leƙo. Da na soyayya muke yi, su yi ta dariya suna cewa mazan littafi ba su da aikin yi sai kuka. Sai aka fara turo wani na ban tsoro, feji-feji. Labarin wata mata ce da mijinta ya mutu, danginsa suka mayar da ita ɗakin ƙurya a wani tsohon gida. Duk ranar da aka zalunce ta ta yi shiru, sai bangon ɗakin ya matso da taƙi ɗaya. In ta kasa kunne kuma tana jin muryoyin matan da suka zauna ɗakin kafin ita, a cikin bangon, suna daka.

Baba Tasalla tun a wurin dakan nan ta ja a'uziyya ta suri takalminta, ta ce ita ba za a tara mata aljanu a ka da tsufanta ba. A grup ma haka aka rabu, wasu na cewa sun kasa shiga banɗaki su kaɗai, wasu na cewa marubuciyar ta tsani maza ne kawai, tana zuga mata. Ni dai daɗin tsoron nake ji, ban ɗauke shi komai ba. Inna kuwa ko gezau. Ranar da na tambaye ta ko in canja mana wani, sai ta ce, “Ci gaba. Meye abin tsoro a nan? Ai na san ɗakin.” Na yi dariya, na zaci zolaya ce.

Muna zuwa inda matar ta fara buɗe baki ta mayar wa wan mijinta magana, bangon ya ja baya a karo na farko, Inna ta ajiye gyaɗar ta sa na maimaita mata wurin. Bayan 'yan kwanaki Baffa ya zo gaisuwa. Bayan an gama ina gajiya ina iyali, sai kawai ta ce masa tana so a raba gadon marigayi, a fitar mata da tumuninta na takaba, a ba 'ya'yanta nasu tun tana da rai. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta zage shi ba. Wallahi ni kaina sai da na kalle ta.

Daga nan aka buɗe mana wuta. Baffa ya bi dangi yana cewa matar yayansa ba haka take ba, shekara da shekaru ba a taɓa jin kanta ba, wannan ba bakinta ba ne. Baba Tasalla kuma, Allah ya shirye ta, ta ba da labarin littafin da bangon da ke tafiya. Shi ke nan an samu abin kamawa. Wai na karanto wa uwata iska daga waya. Yanzu maganar da ake ciki, ranar Juma'a bayan an sauko za su zo da malami a yi mata ruƙiya. Ku duba min wannan abu fa. Matar da ba ta taɓa fashin azumin Litinin da Alhamis ba, don ta nemi abin da Allah da kansa ya yanka mata, ita ce mai aljanu. Wanda ya zauna a kan gonar marayu kuwa lafiyarsa ƙalau.

Yayana da nake sa ran zai tsaya mana, shi ne ya fi ba ni haushi. Ya kira ni ya yi ta faɗa, wai in ba Baffa haƙuri, in ce littafin ne ya ruɗa ta, a bar maganar ta mutu, zumunci ya fi gona. Na ce masa in na faɗi haka ai na sa hannu ke nan cewa uwarmu ba ta cikin hayyacinta, gobe ko ruwa ta ce tana so sai a ce aljanin ne ke jin ƙishi. Ya kashe wayarsa.

Ga inda abin ya fi ci min rai. Jiya aka turo fejin ƙarshe, na kasa haƙuri na karanta ni kaɗai a makaranta. Matar nan ba ta fita ba. Da ta yi magana, dangin mijin suka ce iska ce ta shige ta, suka ɗaure ta a ɗakin, bangon ya haɗiye ta. Littafin ya ƙare da wata sabuwar mai takaba tana jin muryarta a cikin masu dakan. Grup ya kama da wuta, wasu na Allah ya isa, wasu na yabon marubuciyar wai ta faɗi gaskiyar rayuwa. Gaskiyar rayuwa! Ita ta rubuta ta rufe wayarta ta ci tuwonta, ni ta bar ni da tsohuwa da ta ɗora ranta a kan matar nan. Na yi wa marubuciyar magana ta akwatin saƙo, ta turo min alamar zuciya ta ce na gode da bibiya.

Inna ba ta san an gama ba, amma kullum sai ta tambaya. In na karanta mata yadda yake, ina tsoron gwiwarta ta yi sanyi ranar Juma'a, ta ba su haƙuri ta koma shirunta, kuma na san daga wannan ba za ta sake buɗe baki ba. In na ƙirƙiro mata nawa ƙarshen, na ce matar ta fasa bango ta fita, na yi wa uwata ƙarya, na tura ta gaban dangi da ƙarfin da ba na gaskiya ba, alhali ban san yadda za ta kaya ba. In na ce na daina karatun gaba ɗaya, Baffa ya ci nasara ke nan, kowa zai ce ashe dai littafin ne.

Ɗazu da la'asar ta shimfiɗa tabarma ta jawo kwanon gyaɗarta ta ce, “Ɗauko wayar mu ji. Na san yarinyar nan za ta fita, tunda dai ta riga ta buɗe baki.” Na ce mata babu caji. Sai ta ce, “Idona ne ba ya gani, 'yar nan, kunnena na jin fanka na juyawa.”

Na shige ɗaki na rubuto muku wannan. Tana nan zaune a tsakar gida, ba ta naɗe tabarmar ba. Don Allah 'yan uwa, musamman masu iyaye a raye, in na fita wane ƙarshe zan karanta mata?