Ƙanƙarar da Muka Ɓoye wa Rana

Oberlarch, 6 ga Mayu

Zuwa ga maigidana Kassian,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Yaya ƙarfin jiki? Yaya hannun daman, ya fara jin magana? Yaya 'yarmu Verena da mijinta da yara, yaya zaman Graz? Mu nan lafiya lau, sai kewarka. Verena ta ce tun da ciwon nan ya taɓa harshenka waya haushi take ba ka, likita kuma ya ce karatu zai taimaka. To ga karatu. Shekara arba'in kana cewa na cika surutu, yau ga shi likita ya rubuta maka shi a matsayin magani.

Bayan haka, gara ka ji daga bakina kafin wani ya ƙara gishiri. Majalisar gari ta zauna a kan maganar kujerun igiyarka, masu kai mutane kan tsauni. Magajin garinmu Ambros ya miƙe ya ce hunturu uku ke nan dusar ƙanƙara ba ta sauka sai bayan Kirsimeti, masu wasan zamiya sun koma wasu tsaunukan, don haka a kwance kujerun a sayar da ƙarfen. Shekara talatin da takwas da ka yi kana hawar da mutane tsauni, a jimla biyu ya gama da su. Kowa kuwa ya san ginshiƙan igiyar ne ke tare wa taraktarsa hanya in yana yankan ciyawa.

Na miƙe na ce a ba mu zuwa ranar Waliyyi Martin, sha ɗaya ga Nuwamba. In ranar yaran gari sun zamo a kan ƙanƙara daga ginshiƙin tsakiya zuwa ƙasa, kujeru su zauna. In ba haka ba, ni zan dafa wa masu kwancewa abincin rana. Ambros ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Burgl, sai dai in cukunki za ki shimfiɗa musu." Ya sa hannu da sauri, don ya san sama ta daina ba mu komai a Nuwamba. Ni kuwa ba sama nake kallo ba, ƙanƙarar Maris nake kallo, tana kwance a kan tsauni ba mai ita.

Ka tuna ɗakin ƙarƙashin ƙasa na kakata? A watan Janairu ake yanko ƙanƙara daga tafki a binne ta cikin garin katako, man shanunta ya kai Satumba bai narke ba. Shi na faɗa wa 'yan ƙungiyar zamiya. Kwana shida suna tura ragowar ƙanƙarar da katafila zuwa ramin arewa, bayan itatuwa, inda rana ba ta leƙawa sai ta take tsaka. Tulin ya kusa kai rufin coci.

Saura garin katako, ka kuma san Vitus mai injin katako, ko ƙurar takalminsa ba ya bayarwa kyauta. Ban roƙe shi ba. Na kai masa cuku, na cika awo har ya rinjaya, ina naɗewa na ce ai Ambros na cewa garin katakon Vitus ruɓaɓɓe ne, ko kofin ƙanƙara ba zai tsare ba. Tun rigimar iyakar gona ka san shi da Ambros ba sa ga-maciji. Kafin ka tambaya, Ambros bai faɗi haka ba tukuna, amma na san zai faɗa, ni dai na riga shi ne. Washegari mota goma sha ɗaya Vitus ya sauke, ko kofi bai tsaya sha ba. Mun lulluɓe tulin da kauri har gwiwa, muka kewaye shi da shinge.

Verena ta ce kana ƙin yin atisayen tafiya, wai ka tashi ka je ina. Ga inda za ka je nan ina tsare maka. Ka tashi.

Taka har kullum,
Burgl

Oberlarch, 29 ga Yuli

Maigidana Kassian,

Ina gaisuwa, ina kuma duba ka da jiki. Allah ya ƙara sauƙi. Na ga layi biyun da ka rubuto da hannunka, sun karkace kamar shingen Vitus, amma na karanta su ya fi sau ashirin. Ka tambayi yadda tulin yake.

Zafin bana ko tsofaffi ba su san irinsa ba. Mako uku ke nan ma'aunin da ke ƙofar kantina yana nuna digiri talatin da uku a inuwa. Ciyawa ta yi ja. Farar hular ƙanƙarar nan ta kan ƙololuwa, wadda kake cewa ko ƙarshen duniya za ta kai, ta tafi tun tsakiyar wata. Baƙi masu yawon tsauni suna wucewa da gajeren wando suna ɗaukar tulinmu hoto, wata ta tambaye ni ko nan ne jujin gari.

Duk Lahadi bayan coci Ambros na tsaye a dandali yana cewa ba komai a ƙarƙashi sai taɓo, wai a haƙa a gani. Na hana. Duk ramin da aka haƙa ƙofa ce aka buɗe wa rana. A gaban mutane ina dariya ina ce masa ya tanadi takalman zamiyarsa. Amma kai zan faɗa maka gaskiya. Kullum da safe nakan je in kara kunne a jikin tulin, in ji ruwa na ɗiga a ciki, ɗis, ɗis. Ban san nawa ya rage ba. Ina tsoron kada in zama na ɗaga maka rai a kan ruwa.

Ga kuma wata sabuwa. Gefen kudu na tulin ya fara lotsewa, ga sawun kofato, ga kashin shanu, garin katakon duk an tattake shi. Amma ƙofar shingen a rufe take, igiyar a ƙulle tsaf. Na daɗe da shanu, ban taɓa ganin wadda ta iya ƙulli ba.

Gidaje tara ne ke da shanu a wannan gefen, ba zan tuhumi tara ba. Sai na koma ga abin da na sani. A zafi irin wannan saniya ba ta ci, nono ya ja baya. Duk masu kawo mini madara gwangwanayensu sun koma rabi, suna ta kuka. Mutum ɗaya ne nasa ke zuwa cike fal, da maiƙo kamar na watan Yuni. Ka canka. Da na yaba, sai ya murza gashin baki ya ce ai kiwo iyawa ne.

Na karɓi madararsa na sallame shi. Maganar nan irin cukun da ake ajiyewa ne, sai ya nuna.

Ka gaida Verena, ka ce ta rage maka gishiri ko da za ka yi fushi.

Matarka,
Burgl

Oberlarch, 18 ga Agusta

Zuwa ga Kassian nawa,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka da ta mutanen gida, ka gyara zama, wannan sai da kofi.

Kowa a garin nan ya san da tsakar rana ina kan tukunyar cuku, ba a barinta ko coci na cin wuta. Ranar Talata na bar ta. Madarar yini guda ta lalace, ban kuma yi nadama ba. Na bi ta cikin itatuwa na ɓullo ramin arewa. Shanu goma sha huɗu na samu kwance a jikin tulin suna tuƙa, ido a lumshe. A tsakiyarsu ga magajin gari, ya tuɓe takalmi, ya jingina baya da tulin, hula a kan fuska, yana minshari.

Na tsaya a kansa na ce, "Ranka ya daɗe, yaya taɓon? Da sanyi?"

Kassian, da ka ga tashinsa da ka warke nan take. Ya ce shanun ne suka ɓalle ya biyo su. Na ce lallai, har suka tuɓe masa takalmi. Ya koma lallashi, yana kirana 'yar'uwa, wai mu da muka yi makaranta aji ɗaya. Ya ce in Vitus ya ji, shi da zama a gidan shan giya sai a lahira. Na ce ya kwashe shanunsa, ni ban ga komai ba. Ya tafi yana godiya, ya ɗauka kyauta ce.

Kwana uku bayan haka sama ta ɓalle. Tsawa, ƙanƙarar sama kamar ƙwan tantabara, ruwa kamar da bakin ƙwarya. Inda ba a taɓa ba garin katakon ya sha ruwa ya zauna daram. Inda shanu suka tattake kuwa ruwa ya sami hanya, ya yage lulluɓin daga sama har ƙasa, faɗin gidanmu. Da gari ya waye na je na ga ƙanƙarar tsirara. Farin ciki ya fara kama ni, don tana nan, mai tauri, da yawa. Sai na ji iskar kudu mai ɗumin nan a wuyana, ga sama tas ba gajimare. In ta yini biyu a haka an gama. Maza kuwa duk suna gona suna ceton ciyawar da ruwa ya doke, ba wanda zai bar tasa don tulin Burgl.

Na sami Ambros a turkensa. Na ce shawara na zo nema: ranar Lahadi a dandali, labarin shanu goma sha huɗu da mai minshari zan bayar, ko labarin magajin garin da ya ceci ƙanƙarar gari? Na ce duka biyun na iya su, na farkon ma ya fi daɗi a bakina.

Ya dube ni ya ce, "Kassian ya yi haƙuri a duniya." Sannan ya tada tarakta.

Shi ya buga ƙararrawar 'yan kwana-kwana na sa-kai, mutum ashirin da biyu suka ajiye ciyawarsu suka zo da shebur. Vitus ya kawo mota uku. Da idona na ga shi da Ambros kafaɗa da kafaɗa suna watsa garin katako, kowa na son ya fi ɗan'uwansa sauri. Gabar shekara ashirin ba ta taɓa yi wa garin nan amfani irin na ranar ba. Kafin rana ta faɗa bayan tsauni mun rufe. Na raba burodi da cuku da naman kyafi, na ba Ambros yanki mafi girma a gaban kowa.

Shingen yanzu da kwaɗo, makullin yana wuyana. Madarar Ambros ta koma rabi kamar ta kowa.

Verena ta ce ka taka daga gado zuwa taga. Taga ba ta isa ba, amma na gode.

Taka,
Burgl

Oberlarch, 12 ga Nuwamba

Maigidana, abin alfaharina,

Gaisuwa irin wadda ban taɓa aiko maka ba. Ina fata kana lafiya, kana kuma zaune, don ba na son ka faɗi bayan duk wahalar da ka sha ka miƙe.

Kujerunka suna nan. An sa hannu jiya.

Sama ba ta ba mu ko ƙwaya ɗaya ba, tsauni ja wur har ƙololuwa. Ranar takwas ga wata muka yaye tulin, rabin gari na tsaye. Shebur na farko garin katako, na biyu garin katako, na uku ya yi ƙara kamar ya daki dutse. Fiye da kashi biyu cikin uku muka samu. Na juya baya kamar ina gyara ɗankwali, don kada Vitus ya ga idona. Kwana uku katafila na shimfiɗawa, daga ginshiƙin tsakiya har ƙofar rumfarka ta gindin tsauni, farin layi guda a jikin jan tsauni. Mutanen kwarin maƙwabta, masu manyan injuna da otal-otal, sun zo da motoci suna kallo, nasu tsaunin ko ƙanƙarar jiƙa gyale babu.

Jiya masu bushe-bushe suka fito da kayan gargajiya. Ambros ya hau benci ya yi jawabi, ya ce shi tun farko ya san hikimar kakanni ba ta faɗuwa. Na fi kowa tafi. Yara talatin da bakwai suka jeru da takalman zamiya suna jira.

Sai Vitus, da ke riƙe da injin kujerun, ya ƙi tadawa. Ya ce tun da aka kafa kujerun nan ba a taɓa buɗe shekara ba sai Kassian ya hau kujera ta ɗaya shi kaɗai ya dubo igiya ya dawo. Tunda ba ka nan, sai wani daga gidanka. Duk suka juyo suna kallona. Ambros na murmushi, ina jin ya daɗe da ganewa.

Yanzu zan faɗa maka abin da na ɓoye shekara talatin da takwas. Duk sanda ka ce in zo mu hau, nakan ce kanti ba kowa, ko tukunya na kan wuta. Ƙarya nake. Tsoro nake ji. Ni da na sayar wa mutanen birni cukun jiya a matsayin na bara mai tsada, ban iya zama a kujerar da ƙafata ba ta taɓa ƙasa.

Na shiga rumfarka na ɗauko tsohuwar hularka, na ajiye ta a gefena, na zauna. Ido a rufe na wuce ginshiƙi na ɗaya da na biyu, ina kiran duk waliyyan da na sani har da waɗanda na ƙirƙira. A na uku na buɗe. Na ga farin layin a ƙarƙashina, da rufin gidanmu, da ramin arewa fanko, da yara ƙanana kamar wake suna ɗago mini hannu. Ashe abin da kake gani ke nan duk shekarun nan kana dawowa gida da fara'a, ni ina zaton wata baƙuwa ce ta yi maka murmushi.

Na dawo na ce wa Vitus igiya lafiya, kamar na san abin da ake dubawa. Kafin in sauka daga dandamali yaran sun cika kujeru, can sai ga su suna zamowa har ƙasa.

Verena ta ce ka sauka matakala da sanda, likita ya yarda ka dawo kafin Kirsimeti. Hularka tana rataye inda ka bar ta. Na gaya wa duk gari ba zan ƙara hawa abin nan ba, sai dai in kana gefena ina riƙe da hannunka na dama. Ina da riƙo, Kassian, kuma a ginshiƙi na biyu nake matsewa. Ka gyara hannun da kyau.

Matarka mai jiranka,
Notburga, wadda kake kira Burgl