Hannunki na Dama, Bih

Zuwa ga Bih, sanyin idona, ruwan farkon damina a kan tuddan Bamenda, furen da ya buɗe a bakin rafi ba tare da neman iznin kowa ba.

Kwana arba'in ke nan rabona da muryarki. Na kira har yatsana ya gaji. Gwaggonki ta ɗauka sau ɗaya, ta ce min, "Ɗana Fru, ta ce ka manta da ita." In manta? Ya zan manta da numfashina? Wa ya taɓa ce wa kogin Mezam ya manta da gangarensa?

Kin tuna shekararmu ta farko a ɗakin gwaje-gwajen fiziks? Kin ɗaga gilashin nan mai kusurwa uku a bakin taga, hasken rana ya tsage, bakan gizo ya faɗo a kan farar rigata. Na tsaya baki buɗe. Kika yi dariya kika ce, "Kai ɗan ƙauye, rufe bakin, auna za mu yi, ba kallo ba!" Tun ranar zuciyata ta bar gidanmu, ba ta dawo ba.

Amma dole in rubuta abin da na kasa faɗa. Ni na ce ki zo ranar Talatar nan. Kin ce gari ba lafiya, masu bindiga sun hana ɗalibai zuwa makaranta. Na ce saura awo uku mu kammala bincikenmu na ƙarshe, me zai faru? Kika shiga mota saboda ni. Masu bindiga suka tare hanyar Bambili, garin da makarantarmu take, suka ce duk mai littafi ya sauko. Littafinmu ne a cinyarki, da sunana da naki a bango. Ni ina zaune lafiya ina jiranki, har ina jin haushin kin makara, su kuwa suna raba ki da yatsu huɗu na hannun da ya fi kowane hannu a ajinmu iya warware lissafi. Wayyo Bih! Ina ma nawa suka ɗauka!

Yanzu ajinmu na mutum sittin ya koma sha tara. Kujerarki babu mai zama a kai. Madam Nchang, malamarmu, in ta jefo tambaya mai wuya sai ta waiga wajenki, sannan ta tuna, ta juya ga allo ta daɗe tana gogewa. Ta ce min in tsaya gaban masu jarrabawa ni kaɗai in kare aikin. Na ƙi. Rabin tunanin da ke cikinsa naki ne, rabin da ya fi kyau.

Ba na roƙon ki yafe min yau. In fushi kike, ki zage ni ido da ido, na cancanta. In kuwa kunyar hannunki ce ta sa kike ɓuya, ki sani ba yatsu na so ba, ke na so.

Ranar Asabar zan shigo motar Bafoussam, inda kike wurin gwaggonki, da takardar neman ɗage jarrabawarmu zuwa baɗi. Na sa hannu, wurinki ya rage. Ki sa da hagu, ko ya karkace. In kin ƙi fitowa zan zauna a ƙofar gwaggonki har motar ƙarshe ta tashi, in kuma dawo wata Asabar.

Naki har ƙasa ta rufe idona,
Fru Ndifor