Jan Zare da Fari

Sharafiyya, Jidda, 1976

Zuwa ga ƙanwata Dela,

Gaisuwa mai yawa. Yaya Inna da ƙafarta, yaya yara? Ni lafiya lau, sai zafin Jidda mai dafa mutum ba gishiri.

Kin tambayi labarin ƙaninmu Ubale. Yana nan, amma a unguwar Bab Makka, inda yake sayar da abinci, Luba ake kiransa. Wani likita ya ɗora shi kan magani biyu. Ɗaya na fargabar nan da ke toshe masa numfashi tun muna gida, ɗaya kuma na sinadarin mata, mai sauya jiki sannu a hankali. Ya daɗe yana nemansa.

Da yake ba ya karatu, ya kawo min kwalaben in karanta masa ƙa'idar sha. Ni kuwa, shehin littattafai, maimakon in karanta masa, sai na ce, "Wanne ne na hankali? Fara da shi." Ya yi 'yar dariya, ya kwashe kwalabensa. Kwana uku yana shansu a juye, na safe da yamma, na yamma da safe, har jiri ya kayar da shi gaban murhu, ya ƙone hannu.

Hannun na warkewa, kada ki tayar wa Inna hankali. Jiya na je na ɗaura jan zare a kwalbar safe, fari a ta yamma. Ya ce, "Yaya, ashe karatun naka yana da rana." Na kasa ɗaga kai.

Ki aiko da daddawa da atamfa turmi ɗaya, shuɗiya. Ba aure zan yi ba, ta Luba ce. Ni zan kai mata wurin tela da kaina.

Allah ya bar zumunci.

Yayanki,
Rafi'u