Baba Ya Yi Wa Tasha Fenti

Zuwa ga Yaya Wendell,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Marjorie da yara.

Jiya a tashar Minneapolis na ga jirgin ƙasan manyan kamfaninku a layin gefe, taragu uku sai sheƙi suke, kuku da farar hula yana shan iska a ƙofa. Na hango ƙeyarka a taragon ƙarshe, mai ƙatuwar tagar nan da kuke duba layi. Na yi ta kwaɗa maka kira, mai gadi ya ce, "Baiwar Allah, ja baya, wannan ba na masu tikiti ba ne." Na ce yayana na ciki. Ya ce, "Ni ma kawuna ne mai kamfanin." Amma ya gaya mini layin garinmu za ku bi ranar Laraba.

Ka san ba a banza manya ke bin ƙaramin layi ba, ko a gyara ko a rufe. Da Baba ya ji, sai ya hau tsani da ciwon gwiwarsa, yana yi wa tashar garinmu da yake kula da ita fenti. Wai in suka gan ta tsaf ba za su rufe ba, balle ɗansa na ciki. Don Allah ka sa a tsaya, ko na minti biyar ne.

Ƙanwarka,
Loretta

Loretta,

Na ga saƙonki, ina gaida kowa.

Ki daina kiran sunana a tasha, ba kasuwa ba ce.

An gama maganar rufe layin tun kafin mu taso. Muna bi ne kawai don kada a ce ba mu duba ba. Da muka zo garin muna kan cin nama, jirgi ko sassautawa bai yi ba. Na ga Baba tsaye ƙyam cikin kayan aiki, ya cire hula, ga fenti har a gashinsa. Shugabanmu ya ce, "Ku ga tsoho ya yi wa gawa kwalliya." Kowa ya fashe da dariya. Kujerata na kusa da tasa, me kike so in yi? Ni ma na yi.

Ki lallaɓa ki gaya masa, kin fi ni iya irin wannan.

Naki,
Wendell

Yaya,

Muna lafiya.

Baba ya gan ka. Duk wanda ya shigo sayen tikiti sai ya ce masa, "Yarona yana hango ni ya kama dariya don murna." Yanzu bayan tashar yake yi wa fenti, wai ko za ku dawo ta can.

Ni ba zan gaya masa komai ba. Takardar kamfani za ta iso, kuma ya san sa hannunka, shi ya koya maka rubuta sunanka.

Ka huta lafiya.
Loretta