Alwalar Ustaz a Nagano

Al Rigga, Dubai
12 ga Fabrairu, 2019

Yaya Halima Sa'adiya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya ƙafar Inna? Allah Ya ƙara sauƙi.

Shekaranjiya muka dawo daga Japan. Da muka gama kwas ɗin da kamfani ya tura mu, mu shida muka hau duwatsun Nagano buɗe ido. Yaya, ƙanƙara har gwiwa. Mun ga birai masu jar fuska kwance cikin ruwan zafi suna lumshe ido, marasa galihun cikinsu na gefe suna rawar ɗari, ba mai matsa musu.

Har da abokin aikinmu Zainul Abideen aka je, ustazun nan da ke karantar da yaran Hausawa a gidansa ran Asabar. Shi ne ya taɓa gyara min Fatiha a gaban surukina, mutane na dariya. Ban manta ba.

La'asar ta same mu a wani ɗakin bautar mutanen Japan cikin kurmi. A ƙofar akwai kwamin dutse da ludayi, inda masu bauta ke wanke hannu da baki kafin su shiga. Ko'ina ruwa ya daskare, sai ustaz ya yi alwala a nan, ya shimfiɗa rigar sanyinsa ya ta da salla. Alƙibla kuwa ta faɗa daidai ƙofar ɗakin. Na ɗauke shi hoto biyu, ɗaya da ludayin a hannu, ɗaya yana ruku'u. Jiya na tura wa Ado mai kago na unguwar Al Sabkha, wanda magana ba ta kwana a cikinsa. Ban ƙara ko kalma ɗaya ba.

Ki gaida kowa.

Ƙaninki,
Nasir

Al Rigga, Dubai
5 ga Maris, 2019

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, Inna kuma ta samu sauƙi. Na ga saƙonki, faɗan ma na ji.

Aikin gama ya gama. Yanzu duk unguwar Deira cewa ake ustaz ya yi wa gunki ruku'u. Iyaye sun kwashe 'ya'yansu, saura biyu. Matarsa Zaituna ta daina zuwa suna, don ba mai amsa sallamarta.

Jiya ya zo gidana, ya rame kamar wanda ya tashi daga jinya. A zatonsa daga hotunan da muka tara a ofis wani ya ɗauka. Sauran huɗun da muka je da su ba Musulmi ba ne, ba su san alwala ba balle alƙibla, don haka ni kaɗai ne shaidarsa. Dattawanmu za su zauna a kansa ran Juma'a bayan an sauko. Ya riƙe hannuna yana hawaye, wai a ƙasar nan ba shi da ɗan'uwa sai ni. Na yi masa alkawari zan zo.

Kin ce in ji tsoron Allah. Ina ji, Yaya, amma wallahi tun da na zo Dubai ban ci abinci da daɗi kamar makon nan ba.

Yau da safe na roƙi manaja ya ba ni aikin Abu Dhabi na ran Juma'a, ya ba ni. Wayata a kashe za ta wuni. Ɗazu ustaz ya sake kira don ya ji ko na san wurin, ya ce zai ajiye min kujera kusa da tasa.

Ki shafa min kan yara.

Ƙaninki,
Nasir