Rijiya Ɗaya, Gida Biyu

Vrbenice, watan Afrilu

Zuwa ga Yayata Drahusa,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya gwiwar taki, tana barin ki hawa benen nan kuwa? Yaya yara da jikoki a Brno? Mu nan lafiya lau, in ban da abin da zan gaya miki, wanda ban sani ba ko ciwo ne.

Tun da Lubor ya yi ritaya nake jiran in ga abin da zai kama. Wasu mazan kan kama kamun kifi, wasu rigima da gwamnati. Nawa mijin ya kama dafa giyar sha'ir, a garin da kowane gida ke matse inabinsa. Shekara talatin yana zaune da mu, bai taɓa yafe wa ruwanmu ba. Wai zartsi gare shi, wai da irinsa ba a yin giyar Pilzen, garin da aka binne cibiyarsa.

To ya sayo na'urar tace ruwa, ya kafa ta a ɗakin ƙasa kusa da gangunan giyar inabin Baba. Tana tura ruwan rijiya ta cikin wata fata da ta fi ɓawon albasa siranta, sai ya fito ba gishiri, ba alli, ba ɗanɗano, ba dangi. Daga nan ya ɗauko ɗan sikeli irin na maƙeran zinariya, ya auna gishiri iri-iri, ya mayar wa ruwan kaɗan daga abin da ya ƙwace masa. Na ce haka gwamnati take mana da haraji. Bai yi dariya ba.

Abin da mai sayarwa bai gaya masa da ƙarfi ba shi ne, kowane bokiti ɗaya mai tsabta, uku ne ke tafiya kwata. Na ce ya yi da ruwan famfo mana, ya ce warin asibiti yake. Sai dai rijiya. Kin kuwa san rijiyar ba tamu kaɗai ba ce, Baba da mahaifin maƙwabciyarmu Hedvika suka haƙa ta a kan iyakar gidajen biyu. Ga shi bana Hedvika ta tumɓuke tsofaffin inabin marigayi mijinta ta dasa sababbi, domin ɗanta Matous ya ce in sun kama zai bar aiki a birni ya dawo gida. Dashe kuwa sai da ruwa a shekararsa ta fari. Na tuna wa Lubor. Ya ce kakannin rijiyar ma ba su ƙafe ba.

Ki gaishe da kowa. Taki ƙanwa,
Radmila

Vrbenice, watan Yuli

Yaya Drahusa,

Bayan gaisuwa, ina fatan zafin nan bai matsa miki ba. Na gode da maganin barcin, yana aiki, shi kaɗai ke aiki a gidan nan ba tare da ɓarna ba.

Tun Mayu ba a yi ruwan kirki ba. Hukumar gari ta hana ban ruwa da famfo. Kowa ya koma kan rijiyarsa, mu kuma muna zubar da tamu a kwata da ilimi da tsari. Tukunyar farko ta yi tsami, ta biyu ta yi warin kabeji, duk ya tuntsurar. Sanyaya kowace tukunya ma wani ruwan ne. Ranar Asabar kuma abokansa na ƙungiyar masu dafa giya kan zo daga birni da jarkoki, yana cika musu ruwa mai tsabta kyauta. Ban taɓa sanin mijina mai kyauta ba ne sai da abin ya zama na Hedvika.

Mazan unguwa sun sami abin yi. In ya wuce sai ka ji: "Ranka ya daɗe injiniya, yaushe za mu ɗanɗana ruwan wankin hatsin nan?" Ya yi murmushi, ya shigo gida ya ƙara kunna na'urar. Da sun san zolayarsu ce ke shanye rijiyar, da sun ƙara.

Hedvika ta zo. Ba ta kalle shi ba, ni ta yi wa magana, kamar yadda muke tun muna tafiya makaranta da ƙafa. Ta ce injin jan ruwanta ya fara tari, laka yake jawowa. Lubor ya fito mata da taswirar fari ta ƙasa baki ɗaya, ya bayyana mata cewa rijiyoyi na sauka ko'ina. Gaskiya ne, kuma ba abin da ya fi rabin gaskiya wuyar kayarwa. Ya yi mata tayin ruwan da na'urar ke zubarwa, ta gwada a layin dashe ɗaya, ya bar farin ɓawo a gindin shuka. Ta ce ya riƙe sadakarsa.

Na ce ya dakata har a yi ruwa. Ya ce tukunya ɗaya ta rage, yis ɗinsa mai kumbura giya ya tashi, yis ba ya jira. Na zare wayar na'urar, na tafi kasuwa, na dawo na tarar tana gunjinta. Haka muka yi ta yi, ni in zare shi ya maƙala, mu biyu masu digiri. Yanzu Hedvika na turo ruwa daga rafi a baro, da shekarunta. Na fita zan kama mata, ta ce, "Bar shi, malama, hannunki na alli ne. Je ki kama wa mijinki."

Yaya, in kina ganin zai ji maganarki, ki buga masa waya. Yana ɗan jin tsoronki.

Taki,
Radmila

Vrbenice, watan Satumba

Yayata,

Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyarki da ta iyali. Na san kin buga masa waya, na gode. Ya ce kina da kirki amma ba ki fahimci ruwa ba.

Rijiya ta ƙafe a farkon Agusta. In kin jefa dutse ƙasa yake samu. Dashen Hedvika ya bushe, in ban da ɗan abin da ke kusa da rafi. Ko da ba na'urar zai bushe? Ba wanda ya sani, kuma ba wanda zai taɓa sani. Lubor na kwana lafiya a kan wannan.

Ga abin da ya fi ci mini rai: giyar ta yi. Tukunyar ƙarshe ta fito garau, launin zuma, kumfa a kai kamar kirim, ɗacinta daidai. Na so ƙwarai a ce ba ta da daɗi. Ya kurɓa, ya zauna a kan kujerar Baba, idonsa ya ciko, ya ce, "Radmila, yau na dawo gida." Ni da na haifa masa 'ya'ya biyu a saman ɗakin nan ina tsaye riƙe da kofi. Ban tambaye shi inda yake duk shekarun nan ba.

Da daɗin ya kwashe shi sai ya tuna da maƙwabtaka. Ya zaɓi kwalba mafi kyau ya ce in kai wa Hedvika, shi ba ya son ya tayar mata da hankali. Na kai. Ta karɓa da hannu biyu, ta yi godiya, ta buɗe, ta taka zuwa layin farko ta juye ta duka a gindin busasshen kara. Ta miƙo mini kwalbar ta ce, "Ki ce masa ruwana ya iso. Ya ɗan makara."

Matous ba zai dawo ba, ba abin da zai dawo wa. Shi ne ma ya zo ya kwashi kayanta a makon jiya, an kafa allon sayarwa a ƙofar gidan. Da motar za ta tashi na tsaya a bakin titi. Ta ɗaga wa gidan likita hannu, ta ɗaga wa karen maƙwabta, ta gyara zaman jakarta har suka wuce ni.

An ce unguwar da ya kai ta a Brno ba nisa da taku, kasuwa ɗaya za ku riƙa ci. In kin gan ta, Yaya, ki gaishe ta da kyau, ki tambaye ta ciwon bayanta, ki karɓar mata kaya in sun yi nauyi. Kada ki ce ni na aiko ki.

Allah ya bar zumunci, wanda ya rage.

Ƙanwarki,
Radmila