Injin da aka saya wa jirgin Baba

Durumi, Abuja

Zuwa ga Kawu Ilyasu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, ina fatan kana lafiya kai da iyali, Allah ya ƙara maka sauƙin gwiwar nan, ya sa damina ta yi albarka. Mu nan Alhamdu lillahi. Aikin kafinta ya buɗe, duk inda ka juya bene ne ke tashi. Ƙanwata Hafsatu ta yi nauyi, tana gaishe ka. Da hannuna na rubuta wannan, don haka duk wanda zai karanta maka kada ya tsallake komai don ya ga ya yi zafi.

Kawu, maganar jirgin ruwan marigayi Baba ce. Mijin Hafsatu, Malam Abdulmajid na ma'aikatar tarayya, ya sami ƙarin girma, sai ya sayo wa Yaya Lawal sabon inji mai ƙarfin doki arba'in. Yaya ya aiko masa da godiya, ya ce zai sauke zanen buhunan nan da iska ke tura jirgin da shi, ya ɗaura injin, ya daina bin gefe, ya riƙa yanka tsakiyar tafkin Kainji da fasinja zuwa kasuwar tsallake. Ni ma na so in yi murna, amma na kasa.

Kai ka riƙe wa Baba katako lokacin da yake haɗa jirgin nan, ka fi ni sani. Gindinsa shimfiɗaɗɗe ne kamar faranti, an yi shi ne don ruwa iya gwiwa, ya bi ta kan ciyawa da yashi, in iska ta ɗauke a tura da gora. Ba shi da abin da zai kama ruwa mai zurfi. Ƙusa ce da auduga da kwalta ke riƙe da shi, kuma ya girme ni. A ɗora masa wannan nauyi a baya, hancinsa ya ɗaga sama, igiyar ruwan Agusta ta mare shi ta gefe, me ake jira? Baba da kansa ko bisa kuskure bai taɓa kai shi tsakiya ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne al'adar gidanmu. Duk lokacin da aka yi wa jirgi gyara, fitar farko Inna Kande ce ke zama a gaba ta sa albarka. Ka san ƙanwarka, ba za ta ƙi ba, don kada a ce ta ƙi abin arzikin ɗanta. Ta ma aiko a ɗinka mata sabuwar atamfa. Mace mai shekarunta, in jirgi ya kife a tsakiya, wa zai fito da ita?

Na je gidan Malam Abdulmajid na faɗa masa. Da farko ya saurare ni, ya ce shi alheri ya nufa, kuma Yaya Lawal ne ke kan ruwa kullum, ya fi mu sanin jirginsa. Ya ce kyauta ta riga ta fita, an yi masa godiya, in ya janye da wane ido zai dubi surukai. Ni kuma bakina ka san shi. Na ce masa idonsa ya fi masa ran uwata, kuma wanda ruwansa bai wuce na famfon ofis ba ya daina yi wa 'yan ruwa sayayya. Hafsatu ta fashe da kuka. Shi kuwa ya miƙe ya ce tunda ni ne mai sani, ni zan kai injin tasha in sa a motar Yawuri. Na ce to.

Na kai, Kawu. Injin yana hanya, watakila ma ya riga wannan takarda isowa. Roƙona gare ka, kai kaɗai Inna ke jin maganarsa, kuma kai ne Yaya ba ya iya ɗaga wa murya. Ka tara su. In dai sai an yi jigilar tsallake, a haɗa wa injin jirginsa mai ƙirji da zurfi, zan baro aikina in zo mu yi shi tare da Yaya. Na Baba a bar shi da zanensa a gefen da ya saba.

Ka gaishe mini da Inna, da Gwaggo Rabi'atu, da Lukmanu da yaransa. Ka gaishe da Yaya Lawal, ko ba zai amsa ba. Kuma ka faɗa masa kada ya zargi direba in ya buɗe kwali. Injin ba farfela a jikinsa, ni na kwance ta, tana ƙarƙashin katifata a Durumi. Ranar da ka aiko mini cewa Inna ba za ta taka jirgin nan ba, da kaina zan kawo farfelar.

Ɗanka,
Sadisu